Tura Akwati Ya Riga Mai Shi Isa: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Miƙa Kayansa

Duk wanda ya taɓa sauka a wata ƙasa da manyan akwatuna biyu ya san cewa wahalar tafiya takan fara ne bayan jirgi ya sauka. Ga hawa matakala a tashar jirgin ƙasa, ga kutsawa cikin cunkoson ma'aikata da sassafe, ga neman wurin ajiye kaya kafin lokacin shiga ɗakin otal ya yi. Wannan ne ya sa a wasu ƙasashe mutane suka daina jan manyan akwatuna a bayansu. Sukan miƙa su ga kamfanin aike, su rataya ƙaramar jaka a kafaɗa, washegari su tarar da kayansu na jiransu a masauki.

Tsarin yana da daɗi, amma akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Da zarar akwati ya rabu da mai shi ya shiga hannun kamfanin aike, ya tashi daga matsayin kayan fasinja ya koma matsayin saƙo, wato kago. Daga nan komai yakan sauya: yadda ake auna shi, abin da aka yarda a sa a ciki, yadda jami'an kwastam ke kallonsa, da kuɗin da za a biya idan ya ɓata. Mafi yawan waɗanda suka yi asara a wannan harka sun yi ta ne saboda sun ɗauka dokar da suka sani a filin jirgi ita ce ke aiki a ofishin aike.

Hanyoyi uku da kaya ke rigan mai shi

Hanya ta farko ita ce ta cikin ƙasa ɗaya: daga filin jirgi zuwa otal, ko daga otal a wani gari zuwa otal a wani. Babu kwastam a tsakani, shi ya sa ta fi sauƙi da araha. Ƙasar Japan ta yi fice a nan. A Siwizalan ma kamfanin jiragen ƙasa na SBB yana ɗaukar kayan fasinja daga tasha zuwa tasha. A Sifaniya kuma, hukumar gidan waya ta Correos tana ɗaukar jakunkunan masu tattaki zuwa birnin Santiago daga zango zuwa zango, su kuwa suna tafe da ƙafa hannu sake.

Hanya ta biyu ita ce tsallaka iyaka ta hannun manyan kamfanonin aike kamar DHL, FedEx da UPS, ko ta sashen gaggawa na gidan waya da ake kira EMS. Akwai kuma kamfanoni irin su Send My Bag da Luggage Forward, waɗanda aikinsu akwatunan matafiya ne. Su ba su da jiragen kansu. Sukan karɓi oda ta intanet, su shirya takardu, sannan su miƙa kayan ga waɗancan manyan kamfanoni.

Hanya ta uku ita ce kagon jirgin sama ta hannun dillalan kago, irin wadda 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da Guwanzu suka saba da ita. Ta fi araha idan kaya na da yawa, amma sau da yawa mai kaya ne zai je ya karɓa a ofis ko a filin jirgi, kuma bibiyarta ba ta kai ta sauran tsari ba.

Darasi daga Japan

A ranar 20 ga Janairun 1976, kamfanin Yamato Transport ƙarƙashin shugabansa Masao Ogura ya fara wata hidima ta kai ƙananan saƙonni gida-gida, mai suna Takkyubin. A ranar farko saƙo 11 kacal aka kawo musu. A yau tambarin kamfanin, baƙar kyanwa ɗauke da ɗanta a baki, yana manne a ƙofar kantuna da otal-otal a faɗin ƙasar. Mutum zai iya miƙa akwatinsa a teburin karɓar baƙi na otal, ko a kantunan 7-Eleven da FamilyMart, ko a teburin kamfanin da ke filayen jirgi na Narita, Haneda da Kansai.

Abin da ya ƙara wa hidimar kasuwa a wajen baƙi shi ne dokar jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen. Tun watan Mayun 2020, a layin da ya haɗa Tokyo da Kyoto da Osaka, duk akwatin da jimillar tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa ta haura santimita 160 sai an kama masa kujera ta musamman mai wurin ajiya. Wanda ya shiga da shi ba tare da hakan ba zai biya ƙarin yen 1,000. Idan jimillar ta wuce santimita 250, ba a shiga da shi sam.

Ga yadda aikin ke tafiya ga matafiyin da zai bar Tokyo zuwa Kyoto. Da safiyar jajiberin tafiya zai sauko da akwatin wurin ma'aikatan otal. Za a ba shi takardar aike ya cike: sunan otal ɗin da za shi, adireshi da lambar yanki mai lambobi 7, lambar wayar otal, sunansa kamar yadda ya rubuta wajen kama ɗaki, da ranar da zai shiga. Za a auna akwatin, ya biya, a ba shi kwafin takardar mai ɗauke da lambobi 12. Tsakanin waɗannan birane biyu kaya kan isa washegari, kuma babban akwati yakan ci tsakanin yen 2,000 zuwa 3,000.

Akwai ƙananan abubuwa uku da ke ɓata wannan shiri. Na farko, takardar aike iri biyu ce: ta wanda ya biya tun farko, da ta wanda za a biya idan kaya ya isa. Otal-otal da yawa ba sa karɓar ta biyun, domin ba za su biya wa baƙon da bai iso ba. Na biyu, gidajen haya na kwana-kwana da ake kamawa ta manhajar Airbnb galibi ba su da mai karɓar saƙo, don haka sai dai a tura kayan ofishin kamfanin mafi kusa a je a ɗauka. Na uku, idan filin jirgi za a tura akwatin don komawa gida, ana so a miƙa shi aƙalla kwana biyu kafin ranar tashi. Wanda ya kai shi daren tashi ya makara.

Yadda ake auna kaya

A filin jirgi, matafiyi ya saba da lissafi mai sauƙi: akwati ɗaya kilo 23, jimillar ɓangarori uku santimita 158. Kamfanonin aike ba haka suke yi ba, domin su abin da ke damunsu shi ne wurin da kaya zai cinye a cikin mota ko jirgi.

Yamato yana haɗa tsawo da faɗi da kauri ne ya fitar da aji. Ajin 140 yana ɗaukar har kilo 20, ajin 160 har kilo 25, ajin 180 da 200 har kilo 30. Idan girma ya faɗa wani aji, nauyi kuma ya faɗa wani, da mafi girman ake caji. Akwati mai santimita 75 da 50 da 30 jimillarsa 155 ke nan, wato ajin 160.

Kamfanonin da ke tsallaka iyaka kuwa suna amfani da abin da za a iya kira nauyin girma. Ana ninka tsawo sau faɗi sau kauri a santimita, sannan a raba da 5,000. A ɗauki wancan akwatin: 75 sau 50 sau 30 ya ba da 112,500. Idan aka raba da 5,000 za a samu kilo 22.5. To ko da sikeli ya nuna kilo 15 ne kawai a ciki, kuɗin kilo 22.5 za a biya, domin ana kwatanta nauyin sikeli da nauyin girma a ɗauki wanda ya fi. A kagon jirgin sama da 6,000 aka fi rabawa, don haka akwatin nan zai tashi kilo 18.75.

Darasin da ke ciki a fili yake. Babban akwati da aka cika rabinsa asara ce. Gara a matse kaya a ƙaramin akwati ko kwali. Kuma wajen awo a haɗa da tayoyi da mariƙi, domin na'urar awo ba ta cire su. Mutum ya auna da kansa a gida ya manta da tayoyi, sai bayan kwana biyu ya ga saƙon ƙarin caji.

Abin da lambar bibiya ke faɗa

Mutane da yawa suna zaton lambar bibiya tana nuna inda akwati yake a kowane lokaci, kamar yadda taswirar waya ke nuna motar haya tana tafe. Ba haka take aiki ba. A jikin takardar da aka liƙa wa akwati akwai zanen layuka, wato bakod, ko lambar QR. Duk inda kayan ya ratsa ta hannun ma'aikaci ko ƙarƙashin na'urar tantancewa, sai a karanta zanen, a rubuta layi ɗaya a rumbun bayanan kamfani: lambar kaya, wuri, lokaci, da abin da ya faru. Shafin bibiya jerin waɗannan layukan kawai yake nunawa. Tsakanin karatu ɗaya da na gaba, kwamfutar kamfanin ba ta da wani sabon labari.

Shi ya sa idan shafi ya kwana biyu yana cewa kaya ya bar wata cibiya, ba lallai ne ya ɓata ba, yana iya kasancewa cikin kwantena ko yana jiran jirgi. Haka kuma saƙon farko da ke cewa an karɓi bayanan kaya yana nufin an buga takarda ne kawai, akwatin bai shiga hannunsu ba tukuna. Manhajoji irin su 17TRACK da AfterShip da ke haɗa bibiyar kamfanoni da yawa a wuri guda, su ma daga waɗancan rumbunan suke ɗebo bayani ta ƙofar da masu rubuta manhaja ke kira API. Ba su san abin da kamfanin bai sani ba.

Siffar lambar kanta tana da amfani wajen gane ta gaskiya. Ta DHL Express lambobi 10 ce. Ta UPS takan fara da 1Z. Ta gidan waya tsakanin ƙasashe haruffa da lambobi 13 ce: haruffa biyu, lambobi tara, sannan haruffa biyu na ƙasar da aka aiko, kamar JP ga Japan ko NG ga Najeriya. Idan ta fara da E, saƙon EMS ne.

Takardar kagon jirgin sama kuwa lambobi 11 gare ta. Ukun farko na kamfanin jirgi ne: 071 na Ethiopian Airlines, 176 na Emirates, 065 na Saudia, 235 na Turkish Airlines. Sauran takwas ɗin, ta ƙarshe lambar tantancewa ce. Ana raba bakwai na farko da 7, abin da ya rage shi ne ta takwas. Misali 1234567 idan aka raba da 7 ragowar 5 ce, don haka cikakkiyar lambar za ta zama 12345675. Mai koyon Python zai iya gwadawa da layi ɗaya, ya rubuta 1234567 % 7 ya ga amsar. Idan dillali ya ba mutum lambar da ta faɗi wannan gwaji, ko dai an yi kuskure wajen kwafa, ko kuwa lambar ƙirƙira ce. Sannan a lura: dillalai da yawa suna haɗa kayan mutane da dama a ƙarƙashin takarda ɗaya, su ba kowa lambar rasit ta ofishinsu. Wannan lambar ba za ta fito a shafin kamfanin jirgi ba, don haka yana da kyau a nemi lambar babbar takardar.

Na'urar bibiya ta cikin akwati

Don cike giɓin da ke tsakanin karatu da karatu, matafiya kan jefa ƙaramar na'ura irin AirTag cikin akwati. Kamfanin Apple ya fitar da ita a 2021. Babu GPS a cikinta, babu layin waya. Abin da take yi shi ne fitar da siginar Bluetooth a kai a kai. Duk wayar iPhone da ta gifta kusa sai ta ji siginar, ta haɗa da wurin da ita wayar take, ta kulle bayanin ta aika, ba tare da mai wayar ya sani ba. Mai akwatin ne kaɗai zai iya buɗe bayanin a manhajar Find My. SmartTag na Samsung haka yake aiki da wayoyin Galaxy, kuma a watan Afrilun 2024 Google ya buɗe irin wannan tsari ga wayoyin Android.

Ma'ana, ƙarfin na'urar ya dogara da irin wayoyin da ke yawo a wurin. A Tokyo ko Landan, inda iPhone ta yi yawa, AirTag kan ba da labari akai-akai. A ɗakin ajiyar kaya da ma'aikatansa ke riƙe da Tecno da Infinix, tana iya kwanaki shiru. Kafin a saya, sai a yi la'akari da inda kayan za shi. Amfaninta na gaskiya yakan fito ne a lokacin gardama: kamfani na cewa kaya na hanya, na'ura na nuna ya kwana uku a unguwa ɗaya. Tun daga iOS 18.2 ma ana iya fitar da mahaɗi na wucin gadi a tura wa ma'aikaci ya ga wurin da kansa. Batirinta ƙarami ne mai kama da kwabo, CR2032, kuma dokar jiragen sama ta yarda da shi a cikin akwati. Duk da haka a faɗa wa kamfanin aike cewa tana ciki.

Batiri: inda aka fi yin kuskure

A ranar 3 ga Satumban 2010, wani jirgin kago na UPS ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Dubai, wuta ta kama a cikin kayan da ya ɗauko, ya faɗi, matuƙansa biyu suka rasu. Bincike ya danganta gobarar da kaya masu batiran litiyom. Irin wannan batiri idan ya huje, ko ya matsu, ko ya yi zafi fiye da kima, yakan shiga ƙona kansa, kuma wutarsa na da wuyar kashewa. Daga 1 ga Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar batiran litiyom zalla a matsayin kago a cikin jiragen fasinja. A watan Janairun 2025 ma wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae da ke Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kuma binciken farko ya karkata ga fawa bank da ke ma'ajiyar saman kujeru. An kuɓutar da kowa a lokacin saboda jirgin na ƙasa.

Don haka ƙa'idar ita ce: fawa bank da batirin da ba ya cikin na'ura suna tafiya ne a jakar hannu tare da mai su. Ba a sa su a akwatin da za a aika, ba a sa su a wanda za a miƙa a filin jirgi. Iyakar da aka yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma ba fiye da guda biyu ba. Tun da yawancin fawa bank da mAh ake rubuta ƙarfinsu, ga lissafin: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya zama 74Wh, ya wuce. Mai 30,000mAh ya zama 111Wh, yana buƙatar izini. Mai 50,000mAh ya kai 185Wh, ba ya shiga jirgin fasinja.

Laftof, waya, kyamara da agogon zamani su ma gara su zauna a hannu. Kamfanonin aiken akwati da yawa ba sa karɓarsu, waɗanda ke karɓa kuma ba sa biyan diyyarsu. Akwatin zamani mai batirin caji a jikinsa, tun Janairun 2018 kamfanonin jirage ke ƙin karɓarsa idan batirin ba ya ciruwa. Ko a cikin Japan, kayan da za su tsibiri mai nisa kamar Okinawa ta jirgin sama suke bi, kuma idan aka ga batiri a ciki ana iya mayar da su jirgin ruwa, su ƙara kwanaki.

Bayan batiri akwai turaren feshi da duk turaren da ke da sinadarin da ke kama wuta. Fasinja na iya sa kwalba ɗaya ko biyu a akwatinsa na jirgi ba matsala, amma a wajen kamfanin aike wannan kaya ne mai haɗari, kwalba guda na iya sa a tsare akwati duka. Mai sayo tsarabar turare daga Dubai ko Saudiyya ya lura da wannan. Fasfo, kuɗi, gwal, takardun makaranta da maganin da ake sha kullum, waɗannan ba sa barin jikin mai su.

Idan kaya zai tsallaka iyaka

Fasinjan da ya sauka da akwatinsa yakan bi ta gaban jami'an kwastam cikin minti kaɗan, idan sun yi tambaya ya amsa da bakinsa. Akwatin da ya zo shi kaɗai takarda ce ke magana a madadinsa. Idan takardar ta ce “kayan sawa” kawai, jami'i na da dalilin buɗewa ko tsarewa. Ana so a jera: riguna goma da aka riga aka sa, takalma ƙafa uku, littattafai biyar, kowanne da ƙimarsa ta gwanjo. Sababbin kaya masu tambari a jiki, musamman iri ɗaya da yawa, ana kallonsu a matsayin haja, a ɗora musu haraji.

Kowace ƙasa da tsarinta. A Japan, wanda ya aiko kaya daban da kansa zai cike takardar kwastam kwafi biyu a ranar da ya sauka, a buga wa ɗaya hatimi a ba shi, kuma kayan su iso cikin wata shida. Wanda ya fita daga filin jirgi bai yi haka ba ya rasa rangwamen da ake yi wa kayan matafiyi. Abinci kuma babban tarko ne. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Japan, ba sa shiga Amurka, haka goro ba ya shiga Saudiyya. Ɗalibin da aka cusa wa ƙullin kilishi a akwati don ƙauna na iya rasa akwatin na makonni.

A wannan gaɓar ce 'yan damfara ke shigowa. Saƙon tes ko na WhatsApp zai zo yana cewa an riƙe kaya, a danna mahaɗi a biya wani ɗan kuɗi. Shafin da zai buɗe ya yi kama da na kamfanin, amma bayanan katin banki yake nema. Maganinsa shi ne kada a danna. A buɗe manhajar kamfanin ko a rubuta adireshin shafinsu da hannu, a sa lambar bibiya. Idan da gaske akwai haraji, a can zai bayyana.

Idan kaya ya ɓata, nawa ake biya?

Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ita ce ke tsara diyya a sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, kuma tana lissafi da wani ma'auni na Asusun Ba da Lamuni na Duniya mai suna SDR, wanda ɗaya ya ɗan haura dalar Amurka. Daga 28 ga Disamban 2024, iyakar diyyar kayan fasinja ita ce SDR 1,519 ga kowane mutum. Kago kuwa da kilo ake lissafinsa, SDR 26 kan kowane kilo. Akwati mai kilo 20 da ya ɓata a matsayin kago iyakarsa SDR 520 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da zai iya samu da tare da mai shi ya taso. Wanda kayansa suka fi haka daraja sai ya bayyana ƙimarsu ya sayi ƙarin inshora tun wajen miƙawa. A cikin Japan, Yamato yana biyan har yen 300,000 kan saƙo ɗaya.

Diyya kuma ba ta samuwa sai da hujja. Kafin a rufe akwati a ɗauki hoton abin da ke ciki, a ɗauki na wajensa ta kowane ɓangare, a ɗauki na takardar da aka liƙa da na rasit. A ajiye su a wurin da za a iya buɗewa ko da waya ta ɓata, kamar Google Drive ko imel. A sa wata takarda mai suna da lambar waya da adireshin masauki a cikin akwatin, domin idan ta waje ta yage, ita ce za ta cece shi. A cire tsofaffin takardun jirgi da ke manne, kada na'ura ta karanta wadda ba ita ba. Idan kaya ya iso a fashe, a nuna wa mai kawowa nan take, a kai ƙorafi a rubuce cikin kwanakin farko.

Hotunan nan suna da wani amfani da ya fi kuɗi. A 2019 jaridun Najeriya sun cika da labarin wata matafiyiya da ta shafe watanni a tsare a Saudiyya saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, kafin bincike ya wanke ta. Duk kayan da ke ɗauke da sunan mutum, shi za a tambaya. Ya san adadin akwatunan da aka rubuta da sunansa, ya rufe su da kansa, kuma kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko na wane ne.

Alhazai sun riga sun san tsarin

Wanda ya yi aikin Hajji ya taɓa wannan harka ko da bai kira ta da wannan suna ba. Kwanaki kafin dawowa ake auna manyan jakunkuna a masauki a Makka, motoci su kwashe su zuwa filin jirgi, alhaji ya zauna da jakar hannu. Saudiyya ma tana da shirin Hanyar Makka, inda alhazan ƙasashe irin su Maleshiya, Indonesiya, Pakistan, Turkiyya da Maroko ke kammala tantancewa tun a gida, a sa wa kayansu lamba, a kai musu har masauki ba tare da sun tsaya jira a filin jirgi ba. Abin da ke faruwa a can shi ne abin da ke faruwa a Tokyo: wanda ya manta maganinsa ko cajarsa a babbar jaka, sai ya yi haƙuri har su sake haɗuwa.

Yaushe ya dace a tura?

A cikin ƙasar da tsarin ya kafu, kamar Japan, tura akwati ya fi jan sa sauƙi, musamman ga mai tafiya da yara ko tsofaffi, ko mai sauya gari duk bayan kwana biyu. Idan iyaka za a tsallaka kuwa, sai an zauna an yi lissafi. A fara duba kuɗin ƙarin akwati a shafin kamfanin jirgi, domin sayensa ta intanet kafin ranar tafiya yakan fi na filin jirgi sauƙi, kuma sau da yawa yakan fi na kamfanin aike araha. Aikawa ta fi dacewa da ɗalibin da zai yi shekaru, ko mai ƙaura, ko wanda zai yada zango a ƙasashe biyu ko uku kafin ya isa inda kayan za su yi amfani.

Wanda ya yanke shawarar turawa, ya kira masaukin ya tabbatar za su karɓa, ya ba da tazarar kwanaki fiye da abin da kamfani ya yi alkawari, ya duba ko akwai hutun ƙasa a tsakani. Sannan ya shirya jakar hannunsa kamar akwatin zai yi kwana uku bai iso ba: kayan sawa na canji, magani, caja, fawa bank, da takardunsa duka.